Tsamiyar Saratu

Saratu mai fura ba ta iya zama wuri ɗaya. Kowa a unguwar Titiru ta garin Paraku ya san duk Alhamis sai ta hau motar Jugu, wai sayen gero, sai ka ce gero ya ƙare a Paraku. Gaskiyar ita ce, iskar da ta gada wurin uwarta tana zaune a wata tsamiya bayan garin Jugu, kuma in ba a kai mata nono ba, Saratu ba ta samun sukuni. Shekara tara ba ta gaya wa mijinta Sabi'u ba. Ta ina za ta fara? Zamanin juyin juya hali ne, ana farautar 'yan bori, shi kuwa shi ne delegen unguwa, wato wakilin gwamnatin juyin, wanda ake kira kamarad.

Wata Alhamis ta tarar an sare tsamiyar. Ta dawo da nononta, ta yi ta kai-kawo a tsakar gida, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta ƙi cin abinci.

Washegari Sabi'u ya kai ta gonarsa. Ga 'yar tsamiya ta kai ƙugu, an kewaye ta da ƙaya.

Ya ce, "Da na ji gwamnati za ta fara sare itatuwan iskoki, na bi ki, na tsinto 'ya'yanta."

"Malam! Shekara nawa kana kallona ina maka ƙarya?"

"Uku. Jira nake ki faɗa da bakinki."

Saratu ta harare shi, ta zuba rabin nonon a gindin tsamiyar, ta miƙa masa saura.

"Sha, kamarad. Ashe ka fi ni iya ɓoye-ɓoye."