Ƙwazon Jikin Baba Shahata

Ranar walimar kammala digirina ce. Babana, Shahata, ya kai lomar shinkafa da miyar lalo baki, ya yi tari, sai ga jini ya cika masa tafin hannu. Ya dube shi, ya goge a gefen jallabiya, ya ce wa baƙi, "Ku ci abincinku, barkono ne ya sarƙe ni."

Manomin shinkafa ne a wani ƙauye kusa da Kafr el-Sheikh a ƙasar Masar, kuma ya fi daɗewa cikin magudanar gonarsa a kan gadonsa. Yana yaro fitsarinsa ya koma ja, kakana ya raba wa maƙwabta sharbat, ruwan zaƙin da ake sha a biki, wai yaro ya zama namiji. Wanda nasa ya ƙi ja kuwa, uwarsa ake tausaya wa. Haka tsargiya ta shigo gidanmu, da guɗa.

Daga baya aka zo da allurar tsargiya, aka jera mutanen ƙauye a layi, sirinji ɗaya ya zagaye unguwa kaf, don kada wani ya ce an nuna masa bambanci. Jan ya ɗauke, ciwon hanta ya maye gurbinsa. Baba ya koma ruwa ƙafa ba takalmi, domin a wurinsa takalmin roba na malaman gona ne da masu tsoron matansu. Dodon koɗin da ke goyon tsutsar tsargiya yana nan yana jiransa, kamar tsohon aboki.

A asibiti na zauna gefen gadonsa, na zazzage masa abin da na karanto game da garkuwar jiki.

"Baba, ba tsutsar ce ke yin ɓarnar ba. Ƙwai take zubawa, jini ya kwashe su zuwa hanta. Sojojin jiki su taru su kewaye kowane ƙwai, su gina masa katanga. Katanga kan katanga, har hanta ta zama tabo, jini ya rasa hanya ya fasa jijiya a maƙogwaro."

"Wato jikina bai yi barci a bakin aiki ba."

"Da ma ya ɗan yi gyangyaɗi."

"Kin ji ko, Nabawiyya?" ya ce wa mahaifiyata. "Ɗanki ya ce ƙarfi ne ya yi mini yawa."

"Taurin kai dai," in ji ta, tana ɓare masa lemo. "Har hantar ta koya."

Ya tambaye ni wane magani muka ƙirƙiro a jami'a. Na ce ana binciken rigakafi, ana kuma neman maganin da zai lallashi sojojin su rage gini. An gwada a kan ɓeraye, sun samu sauƙi ƙwarai.

"Masha Allah, dakta. Ka gaishe mini da ɓerayen."

Likitoci sun ɗaure jijiyar, amma sun ce hantar ta gama wahala, sai dai dashe, kuma sai an yanko daga ta wani ɗan'uwa mai lafiya. Na ce ga ni. Likita ta ɗago ta tambaye ni ko na taɓa shiga ruwan magudana.

Baba ya riga ni amsawa, har da gyara zama. "Da hannuna na jefa shi, 'yata, tun bai iya ɗaura wando ba. Mu ba ma renon rago."

Mahaifiyata ta ajiye lemon.

An ɗebi jinina, an ɗauki hoton hantata. In nawa sojojin ma sun yi irin wannan ƙwazon, ba ni da abin da zan ba shi. Sun ce za su kira ni. Baba yana kwance yana faɗa a kan wanda zai sakar wa gona ruwa, sakamakon kuma bai fito ba tukuna.