Taken Mai Alkyabba

Mahaifina mahauci ne ɗan mahauci, kuma shi ya fara sayen talabijin a layinmu na Gidan Dare. A shekarar ne kuɗin mai suka cika gari, soja suka ƙara wa ma'aikata albashi, mutanen da sai Juma'a suke ganin nama a miya suka koma saye kullum. Kafin azahar teburin Baba ya zama wayam. Wata rana sai ga shi da ƙaton kwali a bayan a-kori-kura. Aka ajiye akwatin a shigifa, inda maza baƙi za su iya zama, mu ma na cikin gida mu iya leƙowa. Inna ta ɗinka masa mayafi da ragowar atamfa. Lokacin ina aji shida, shekaruna goma sha biyu.

Tashar ba ta buɗewa sai bayan la'asar, kuma abin nunawar bai yi mata yawa ba. Akwai wani fim na zane da suke sawa kusan kowace Asabar. Labarin wani mutum ne mai faɗin ƙirji da alkyabba, wanda ke tashi sama kamar shaho, ya tare jirgin ƙasa da hannu ɗaya, ya ɗauke gada a kafaɗa. Turancinsu ya fi ƙarfin kunnenmu, don haka ba mu taɓa kama sunansa ba. Mai Alkyabba muke ce masa. Baba bai ɗauki fim ɗin a bakin komai ba. Shi labarai da kokawa ya saya wa akwatinsa, zane kuwa a wurinsa shirmen yara ne.

Wata Asabar ya dawo da wuri. Ya zauna a bakin ƙofar shigifa, ya ba akwatin baya, yana wasa wuƙaƙensa a kan dutse. Mu kuma mun cika tabarma, ni da ƙannena da 'ya'yan maƙwabta. A fim ɗin ruwa ya ɓalle zai cinye wani gari, mutane suna ta gudu. Sai Baba ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ga shi nan tahe."

Bai rufe baki ba Mai Alkyabba ya keto gajimare. Muka juya muna kallon Baba.

"Baba, ka taɓa kallo ne?" na tambaye shi.

"Ban gani ba. Takenai ni ji. Sau ukku ke nan suna kaɗa shi, kuma kowane karo kuna ihu. Ƙara muryar, ɗiyata."

Kowane mahaucin kirki a Sakkwato yana da takensa a kalangu, ɗan gajeren kiɗan da in an buga shi kowa ya san da wa ake. Baba yana da nasa, kakana ma yana da nasa. Tun yana yaro a mayanka kunnensa ya saba rarrabe su. Mu da muke kallon fim ɗin mako da mako ba mu taɓa lura akwai kiɗa a cikinsa ba. Daga ranar Baba ya riƙa dawowa da wuri duk Asabar. In ana fim ɗin bai taɓa yarda ya fuskanci akwatin ba, wai shi ba kallo ya zo yi ba.

Gidan da ke jikin namu wani malamin makaranta ne ke haya a ciki da iyalinsa. Kirista ne daga ƙasar duwatsu ta can kudu da mu, dogo, mai gilashi. Yana koyar da lissafi a makarantarmu, shi ne kuma mai kula da badujalar makaranta, 'yan ganga da masu busa ƙaho da ke yi mana kiɗan maci da safe. Malam kowa ke ce masa. Yakan shigo jin labarai da yamma, su zauna da Baba suna shan shayi, suna gardama kan ko soja za su miƙa mulki. Da Kirsimeti matarsa ta aiko mana da shinkafa da cincin, da layya kuma Inna ta aika musu cinya guda.

Baba ya sa aka kira shi Asabar ta gaba.

"Malam, kai ad da ilimin abin ga. Su wa ka wanga kiɗi? Na ji goge, na ji ƙaho, na ji wani abu kamar tambari, amma ba su taka juna."

Malam ya gyara zama, don an taɓo masa inda yake so. Ya ce taron makaɗa ne masu yawan gaske, sun fi 'yan ajinmu, kowa zaune a kujera da takarda a gabansa. Masu goge kashi-kashi ne, daga ƙarami da ake ɗorawa a kafaɗa har wanda ya kai tsayin mutum. Bayansu masu sarewa, bayan su masu ƙahonin tagulla, can ƙarshe masu ganguna. Sai mutum ɗaya a tsaye a gaba da 'yar siririyar sanda.

"Shi mai sandar, mi shika kaɗawa?"

"Ba ya kaɗa komai, Maigida. Hannu kawai yake ɗagawa."

"To shi na sarkinsu," in ji Baba.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne da Malam ya ce mutum ɗaya ne ke zama ya rubuta kiɗan duka a takarda tun kafin kowa ya taɓa goge. Baba ya ce lallai mutumin nan ba ya samun barci.

Malam yana da rikoda mai ɗaukar magana, sai suka yanke shawarar ɗaukar kiɗan a kaset. Ranar aka yi mana kashedi. An kori ƙananan yara waje, an ce Inna ta dakata da daka. Malam ya durƙusa gaban talabijin ya kara rikodar a jikin lasifika, bai sauke hannu ba har fim ya ƙare. Da aka juya kaset muka saurara, sai ga kiɗan ya fito tsaf, amma a tsakiyarsa akuyarmu ta yi kuka sau biyu, can kuma ga muryar Inna daga cikin gida tana tambaya ko ta ci gaba da dakanta. Malam ya so a sake. Baba ya ce a bar shi haka, akuyar ta shigo daidai kan gaɓa.

A kan wannan kaset ne suka yi gardamarsu mafi tsawo. Akwai wani wuri a fim ɗin da Mai Alkyabba ya sha kashi a hannun abokin gabarsa, ya koma ƙauyensu, ya tuɓe alkyabbar ya zauna a ƙofar ɗakin tsohuwarsa. A nan ƙahoni sukan yi shiru, sai goge guda mai kauri yana ja a hankali. Mu yara a nan muke tashi shan ruwa. Baba ya ce wannan ma taken ne, tafiyarsa kawai aka rage. Malam ya ce a'a, wani kiɗa ne daban, na baƙin ciki.

"Malam, in mutum yas sa rigar makoki, wani mutum shika zama?"

"Maigida, na yi shekara biyu ina koyon wannan abu a kwaleji."

"Awo. Ni kau shekara arba'in ina saurare."

Malam ya ɗauki rikodarsa ya tafi gida. Kwana biyu muna jiyo shi ta katanga yana mayar da kaset baya, yana rerawa da hanci. A rana ta uku ya shigo da takardar da ya yago daga littafin lissafi. Ya rubuta layi biyu na do, re, mi, ɗaya a kan ɗaya. Ya ajiye a gaban Baba, wanda bai iya karatun boko ba, ya ce, "Ka yi gaskiya. Duk ɗaya ne, wuri ɗaya kawai suka sauke murya." Baba bai yi fahariya ba. Ya dai aika aka sayo balangu, kuma ya tura wa Malam inda ya fi kitse. Ni na ɗauke takardar, na roƙi Malam ya koya mini karanta ta. Ya koya mini a ƙofar gidansa, matarsa tana tsince shinkafa tana gyara mini murya, don ita ke jan waƙa a cocinsu.

Baba yana da makaɗinsa, wani tsoho siriri mai jan haƙora saboda goro, wanda ya yi wa kakana kiɗa kafin shi. Sarkin Kiɗa Baba ke kiransa. Ya gayyato shi ya kunna masa kaset, ya ce yana son ya ji abin a kalangu. Tsohon ya saurara ido a rufe, ya ɗauki kalangu ya matse a hammata, ya gwada, ya tsaya.

"Maigida, wanga kiɗi ba shi magana. Kalangu kau sai da magana. Mi zan ce mai shi hwaɗi?"

Malam ya ce shi dai a saninsa ba shi da kalmomi. Tsohon ya sa aka mayar da kaset har sau huɗu, yana motsa leɓe. Can ya yi murmushi, ya ce ai ya ji abin da suke cewa, Turawan ne ba su sani ba. Ya buga, yana faɗa da baki: "Mai yanka da sahe, nama bai kwana gidanka." Kirarin ya zauna daram a kan kiɗan, kamar don shi aka yi. Malam ya cire gilashi yana dariya har da hawaye. Baba ya sunkuyar da kai, ya ce Sarkin Kiɗa ya cika zolaya, amma na ga kunnuwansa suna motsi, abin da suke yi in ya ji daɗi.

Ana cikin haka soja suka ƙara yawan jihohi. Aka ce ma'aikata kowa ya koma jiharsa. Takardar Malam ta zo, zai tafi a ƙarshen zangon karatu. Da ya faɗa wa Baba, Baba ya ce a je a ga wani babba a ma'aikatar ilimi da yake kai wa nama. Malam ya ce kada ya wahalar da kansa, iyayensa sun tsufa, dama yana son ya matsa kusa da su. Baba bai ƙara tayar da maganar ba, amma kwana biyu bai ci tuwon kirki ba.

Makonnin da suka rage Malam ya ƙarar da su wajen koya wa badujala taken Mai Alkyabba, don ranar rabon kyaututtuka. Ƙahoninsu biyar ne, biyu sun lotsa, ga babbar ganga ɗaya da ƙanana. Ya roƙi Sarkin Kiɗa ya zo ya tsaya tare da su. Ya kuma aiko ni in gayyaci Baba, wanda tun da aka sa ni makaranta bai taɓa taka harabarta ba.

Ya zo. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, aka ba shi kujera a layi na biyu, bayan wani hafsan soja da aka gayyato ya raba kyauta. Malam ya fito da 'yar sanda da ya fere daga reshen dogon yaro, ya tsaya gaban yaran ya ɗaga hannu. Suka fara da ƙarfi, sauri ya kwashe su, ƙaho ɗaya ya shaƙe a inda ake hawa sama. Da suka zo wurin da ake ja a hankali, babu goge, sai Malam ya sa duka suka yi shiru ya bar wa tsohon fili. Kalangu ya shiga shi kaɗai. Iyayen da ke wurin, waɗanda rabinsu mahauta ne da 'yan tireda da dillalan shanu, suka ji abin da yake faɗa, suka fara waiwayen Baba. Hafsan ma ya waiwaya ya ga wa ake kallo. Baba ya kafe idonsa a kan Malam, bai motsa ba har aka gama.

Da aka watse Malam ya zo yana share gumi.

"Yaya ka ji, Maigida?"

"Mai ƙahon tsakiya ya yi gaggawa. Kai kau ka iya riƙon sanda."

Ranar tafiyarsu babbar mota ta zo da hantsi. Maƙwabta suka taya loda kujeru da gadaje da keken ɗinkin matarsa. Inna da matar Malam suka shige ɗaki suka daɗe, suka fito idanu jajur. Baba ya kawo kilishi cike da kwali, wanda ya kwana uku yana shanyawa da hannunsa, ya ce na hanya ne, ko da yake zai ishe su wata guda. Suka yi musabaha, Baba bai saki hannun ba sai da direba ya yi oda.

Bayan wata biyu wasiƙa ta zo. Malam ya ce sun sauka lafiya, an ba shi makaranta a gindin dutse, babu badujala, amma ya fara tara yara da sarewar kara. Ya tambayi kowa da suna, har akuya. Na karanta wa Baba sau biyu, sannan ya ce in ɗauko biro in rubuta amsa. Ya jero gaisuwa ta cika shafi guda. Ya ce in faɗa masa wani ma'aikacin asibiti ya shiga gidan, mutumin kirki ne amma ba ya hira. Ya ce Sarkin Kiɗa ya yi zazzaɓi ya warke. Sannan ya ƙara da cewa:

"Ki ce mai sun bar nuna mai tashin nan. Yanzu wani kare sunka sa, mai bin kyanwa. Ki ce kiɗinsu ba kai ba gindi, kowa na tashi shika yi. Ki ce in ya samu hutu shi zo, ɗaki na nan."

Na rubuta kamar yadda ya faɗa. Ya sa na karanta masa, ya ce in goge maganar ma'aikacin asibiti, kada ta zama gulma. Washegari kafin ya wuce mayanka ya ɗora ni a bayan babur, ya kai ni gidan waya na jefa ta da hannuna.