Kalma Marar Ƙugiya

Mutum shida ne ke aiki a shagon ɗinkin da ke ƙasan wani bene. Mai Yanka ya yanka, teloli uku su haɗa, sannan riga ta iso wurinta a dasa mata maɓallai kafin ta wuce hannun mai guga. Shekara ashirin da biyu ke nan tana kan kujera ɗaya a bakin taga, da gwangwanaye goma sha ɗaya a gabanta, an jera su daga ƙaramin maɓalli zuwa babba. Tun ana ce mata mai maɓalli har sunan ya bi ta, yanzu ko maƙwabta Anti Maɓalli suke kiranta.

Aikin na yatsu ne, ba ya neman kai. Allura ta shiga ta fita sau takwas, a naɗe zare, a ƙulle, a yanke. Saboda haka yatsunta na shago, hankalinta kuwa yana can inda littafi ya ajiye shi. Ba kowane littafi take karantawa ba. Nata shi ne na soyayya tsakanin ɗan Adam da wanda ba mutum ba: aljanin da ya ga wata sau ɗaya ya kasa komawa gida, saurayin da ke rikiɗa idan wata ya cika, matar da ta mutu amma ba ta daina jiran wasiƙa ba. Idan Mai Yanka ya tsokane ta, ya ce mace da furfurarta tana bin aljanu, sai ta ce, “Namijin da zai ce yana sona, ya juya ya tambaye ni ina silifas ɗinsa, ai wannan kullum ina ganinsa a titi. Me zai sa in karanta shi?”

Tana kuma yin sharhi. Tana da littafin rubutu mai baƙin bango, wannan ne na bakwai. Kowane labari shafi biyu yake samu: ranar da ta fara, ranar da ta gama, yawan babi, sai abin da ya yi mata daɗi da inda marubuci ya yi tuntuɓe. Ranar Asabar take kwafe sharhin a waya ta tura wa ƙungiyar masu karatu, mutum kusan ɗari huɗu da ba ta taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. Dokokinta uku ne. Ba ta sharhin abin da ba ta gama ba, ba ta tona ƙarshe, ba ta faɗin abin da ba ta gani a shafi ba. Sharhi ɗari uku da goma sha biyu ta yi a kan waɗannan dokoki.

A hawa na biyu na wani gida mai dogon baranda take zaune ita da yayarta. Yaya ce ta raine ta, kuma har yau Auta take ce mata. Ciwon suga ya cinye idon Yaya shekara huɗu da suka wuce, sai haske da duhu kawai take bambancewa. Kafin ido, mijinta ne ya tafi. Direban babbar mota ne, ya fita wata Litinin ya ce Alhamis zai dawo, yau shekara goma sha tara. Ba gawa, ba takarda, ba wanda ya ce ya gan shi. Tun da idon ya tafi Yaya ta koma kwanciya, sai a yini ba ta taka ƙofar ɗaki ba. Abu ɗaya ke fito da ita: ƙarfe biyar na yamma Auta ta dawo daga shago, ta fitar da kujeru biyu baranda, ta haɗa shayi, ta karanta mata har shida. Saboda wannan awa ɗaya Yaya take wanka, take ɗaura ɗankwali.

Wata bakwai suka yi a kan labari ɗaya. Wata marubuciya ce ke turo shi ta waya, babi ɗaya ranar Talata, ɗaya ranar Juma'a. Labarin wata yarinya ce mai sayar da tikiti a tsohuwar tashar jirgin ƙasa, da wani fasinja da ke zuwa duk ranar da aka yi ruwa, ya zauna a benci na ƙarshe, bai taɓa hawa jirgi ba. Rigarsa ba ta jiƙewa. Agogon tashar yakan tsaya idan ya shigo. Aljani ne, kuma dokar mutanensu ita ce, idan ya ba ɗan Adam sunansa na gaskiya, ya zama mutum ke nan, zai tsufa ya mutu kamar kowa. Idan kuwa aka roƙe shi sunan ya hana, dole ya bar wurin har abada.

Labarin ya shiga jikinsu. A shago, idan hadari ya haɗo, Anti Maɓalli takan ɗaga kai ta dubi agogon bango ta ga ko yana tafiya. Fararen maɓallan da ke tafin hannunta sukan koma mata fitilun tasha a cikin yayyafi, sai ta ji ƙamshin jiƙaƙƙen ƙarfe a ɗakin da babu komai sai ƙamshin sabon yadi. Yaya kuwa har faɗa take yi wa yarinyar. “Ke dai kada ki tambaye shi! Ki bar shi ya zauna a bencinsa, me ya tsare miki?” Wata yamma, bayan babi na hamsin, Yaya ta ajiye kofi ta ce, “Auta, idan wannan ma ya tafi, ki mayar da kujerata ɗaki. Na gama jin labari.” Ba da wasa ta faɗa ba. Auta ta san muryar wasan Yaya.

Babi na sittin da ɗaya, na ƙarshe, ya shigo ranar Juma'a da ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin. Ta soke allura a wuyan rigar da ke cinyarta ta karanta. An yi ruwa. Yarinyar ta rufe tagar tikiti, ta tako har benci na ƙarshe, ta ce masa, ka ba ni sunanka. Ya dube ta, ya dubi agogon da ya tsaya. Layin ƙarshe kalma huɗu ne:

Sai kawai ya bata.

Ta karanta sau uku. Marubuciyar irin masu rubutu a waya ce, ba ta sa wa haruffa ƙugiya, ba ta kuma raba kalmomi yadda ya kamata. Wata bakwai Anti Maɓalli tana gyara mata a baki ba tare da ta ma lura ba, don ma'ana kan nuna hanya. Yau ma'ana ta tsaya a mararraba. Ko dai ya ba ta sunan ya zauna, ko kuwa ya ɓata.

Ta miƙa wa Mai Yanka wayar. Ya ture tabarau sama, ya karanta, ya ce, “Ya ɓata mana. Aljani ne fa, Anti. Kin taɓa jin aljanin da ya tsaya aka ɗauke shi hoto?”

Mai guga ya leƙo ta kafaɗarsa. “Haba, Malam, ba ka da tausayi. Ta ce ba ni, ya ba ta. Ina abin wahala a nan?”

“Kai da ko wasiƙar soyayya ba ka taɓa samu ba?”

“Na samu. Matarka ce ta kawo min.”

Aka yi dariya, almakashi ya ci gaba da kuka. Su sun gama da maganar. Ita kuwa ta ga abin da ba su gani ba: mai karatu da ido yana iya barin kalmar yadda take, ya rufe waya ya tafi da duka biyun. Mai karanta wa wani ba shi da wannan dama. Baki dole ya zaɓa.

Da yamma ta ce wa Yaya ba a turo ba tukuna. “Yau fa Juma'a,” in ji Yaya. Ta ce ƙila wayar marubuciyar ce ba caji. Ta maimaita mata babi na sittin, shayin ya huce a hannunta ba ta sha ba.

Asabar ta tashi da wuri ta bi labarin tun daga farko da biro a hannu, tana ƙirga duk inda aka rubuta “bata”. Ta ware duk inda kalmar ke nufin ba ta zo ba, ba ta gani ba, ta ajiye gefe. Saura arba'in da bakwai. Ashirin da shida bayarwa ce, ashirin da ɗaya masu ƙugiya ne, kuma a cikinsu sau shida aljanin ne da kansa ya ɓata daga benci. Lissafin bai raba gardama ba. A ƙungiya kuwa an kasu biyu, ana ta jifan juna da saƙo, kowa na cewa a jira Anti Maɓalli. Da hutun rana ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta rubuta wa marubuciyar. Ta gaishe ta, ta yaba mata, ta roƙe ta ta fayyace layin ƙarshe. Amsa ta zo bayan awa biyu, da hoton fure a gaba: “Na gode Anti. Ai a fili yake, ya bata ne.” Ta sake tambaya, ba a ƙara buɗe saƙon ba.

Ranar ba ta tura sharhi ba, karo na farko. Ta dasa wa wata rigar makaranta baƙin maɓalli a tsakiyar farare, mai guga ya dawo mata da ita yana kallonta kamar marar lafiya.

Lahadi ba shago. Ta yini tana gwada kalmar a bakinta, tana wanke kwanuka tana cewa ya ba ta, ya ba ta. Ba ƙarya ba ce, ta gaya wa kanta, tunda harafin da ke shafin ba shi da ƙugiya. Amma ta san ba don shafin take zaɓa ba. Ƙarfe biyar ta fitar da kujeru. Rana ta sauko kan rufin gidan da ke fuskantarsu, wani na shanya a ƙasa, iska na kaɗa zannuwan. Yaya ta fito tana laluben bango, ta zauna, ta gyara ɗankwali.

Auta ta karanta ruwan, ta karanta rufe tagar, ta karanta takun yarinyar har benci. Ta kai inda ya dubi agogo. Sai ta tsaya.

“Kin tsaya,” in ji Yaya. “Tun Juma'a na san an turo. Ke tun kina yarinya idan za ki yi ƙarya sai kin fara share murya. Ya tafi ko?”

“Ban sani ba, Yaya.”

“Kamar yaya ba ki sani ba? Ke ce mai ido.”

Ta yi mata bayani, harafi da harafi. Ta gaya mata lissafin, da musun shago, da amsar marubuciya. Yaya ta yi dariya har da tari. “Marubuciyar nan Allah ya shirye ta. Wata bakwai tana jan mu, ta zo bakin ƙofa ta ɓatar da makulli.” Dariyar ta lafa. “To ke wanne kika yi niyyar karanta min?”

“Ya ba ta.”

“Don kada kujera ta koma ɗaki.”

Yaya ta juyo da fuskarta wajen Auta.

“Karanta min duka biyun. A hankali. Kada ki yi min muryar asibiti.”

Ta karanta na farko. Sai kawai ya ba ta. Yaya ta karkata kai tana saurare, kamar mai ɗanɗana gishiri a miya. Ta ce, “Ɗayan.”

Auta ta haɗe leɓɓanta, harafin ya fito da nauyinsa. Sai kawai ya ɓata.

Mai shanyar ƙasa ya kwashe bokitinsa ya shige. Hannun Yaya na kan gwiwa, babban yatsa na shafa bakin zane.

“Sake faɗa.”

Ta sake.

“Wannan ne,” in ji Yaya. “Shekara goma sha tara ba wanda ya taɓa faɗa min shi a fili. Kowa sai ya ce yana hanya, ki yi haƙuri, ƙila gobe. Har ke.” Hawaye ya gangaro ta gefen hancinta, ba ta share ba. “Ashe gajeriyar kalma ce.”

Auta ta riƙe wayar da hannu biyu. Da ƙyar ta ce, “Kin ce idan ya tafi in mayar da kujerar.”

“Ni na faɗa, ni zan janye. Akwai alƙali a barandar nan?” Ta ja hanci, ta laluba ta sami kofinta. “Wannan shayin ya mutu, ki ɗumamo shi. Sannan ki koma min farkon babin. Ɗazu tsoro nake ji, ko ruwan saman ban ji ba.”