Ƙoran da Mani Ya Kife a Bakin Titi

Mani bai taɓa zama a aji ba, ko sunansa bai iya rubutawa, amma a ƙauyukan Matankari in aka kwance sa daga turke, ƙofarsa ake fara bugawa. Mai bin sawu ne, sana'ar da ya koya wurin kawunsa maharbi. Siriri ne, ya haura sittin, kullum kansa a sunkuye, har mata suna yi masa tsiya wai shekara talatin da aure bai san fuskar matarsa ba, sai dugaduganta. Bai taɓa musawa ba. In ya tarar da sawun ɓarawo, ƙwarya yake kifawa a kai ya ɗora dutse, don kada iska ko kaji su ɓata shi kafin mai gari ya zo ya gani.

Shekarar da ta wuce, bayan girbi, maƙwabcinsa Abdulwahabu ya ɗauko damman gero a amalanken shanu. Wata babbar mota ta kamfanin raba kaya, shaƙe da taliya da man girki, ta taso daga Dogon Dutsi za ta sauke wa masu shaguna, ta yi ciki da amalanken. Sa ɗaya ya mutu nan take. Aka kwashi Abdulwahabu a sume zuwa likita, kafin la'asar labari ya iso an yanke masa ƙafar dama daga gwiwa.

Direban, wani ɗan birni mai suna Hakim, ya gaya wa jandarmomi cewa shanun ne suka firgita suka faɗo masa kan titi, haka kuwa aka rubuta. Malamin makarantar ƙauyen ya warware wa mutane zancen: in magana ta tsaya a haka, asiransi, wato kamfanin da ke biyan diyyar ɓarnar motar, ba zai ba da abin kirki ba. Ga mutum da ƴaƴa shida, ba ƙafa, ba sa.

Mani ya ɗauki sandarsa. Ya je inda hatsarin ya faru ya zagaya sau biyu, sannan ya wuce gidan Abdulwahabu, ya tarar da matarsa Rahina tana kuka.

"Rahina, bar kukan nan hakanan. Bi gida-gida ki amso mini ƙorai, duk wadda kinka samu."

"Ƙorai, Baba Mani? Mi za a yi da su?"

"Mijinki na kwance, bai iya magana. Ƙasa ta gani, ita ka yi mai."

Ƙwarya arba'in da ɗaya ta tattaro, ranar a gidaje da yawa a tasa aka dama fura. Mani ya kife su a jere a gefen titi, kowace da dutsenta, ya aika malamin makaranta ya roƙi jandarmomi su dawo. Kwana uku yana zaune a wurin da sandarsa, yana karkatar da garkunan da ake korawa kasuwa. Masu wucewa suka ɗauka wa iskoki ake yi wa hidima, wasu samari ƴan kasuwa har suka tsaya yi masa wa'azi. Ya saurare su tsaf, ya ce su dai kula da inda suke takawa.

A rana ta uku shugaban jandarmomi ya zo tare da wakilin asiransi da Hakim. Wakilin yana ta duba agogo. Mani ya ɗaga ƙwaryar farko, ga sawun kofato nan raɗau kamar yanzu aka taka.

"Ranka shi daɗe, sa in ya hirgita buɗe kofato shikai, shi watsa ƙasa baya. Wanga tahiyar gajiya ce. Ƙirga taki daga nan zuwa titi."

Aka ƙirga, taki bakwai. Haka ya bi ƙoran ɗaya bayan ɗaya, sawun shanu da na tayar amalanke suna tafe a miƙe, ba inda suka karkata. A ta talatin sai ga zanen tayar babbar mota ta baro titi ta hau kansu, babu alamar birki. Wakilin ya daina duba agogo, ya tsugunna yana ɗaukar hoto da wayarsa. Mutanen wurin suka ga kamar a gabansu abin yake sake faruwa.

Jama'a suka fara harar Hakim, amma Mani bai gama ba, ya ci gaba da ɗagawa har saura ƙwarya uku. Ƙarƙashin ta farko sawun takalmi ne mai gudu. Sauran biyun, rami biyu ne ƙanana a cikin yashi.

"Gwiwoyin yaron ga ne. Nan yad durƙusa yaj jawo Abdulwahabu daga ƙarƙashin ƙarhe. Bai gudu ba. A rubuta wanga ma."

Hakim ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ya ce gyangyaɗi ne ya ɗauke shi, tun asuba yake tuƙi, kuma tsoron kora daga aiki ya sa shi ɗora wa shanu laifi. Aka sake takarda a wurin.

Duk da haka sai da aka yi wata takwas ana kai da kawo a kotu kafin diyyar ta fito. Aka sayi sa, aka tafi da Abdulwahabu Yamai. Mani ya koma neman awakin mutane.

Da damina ta faɗi, wata safiya yana tafiya gona ya ga wani sawu a jiƙaƙƙen yashi, ya tsaya cak. Ƙafar hagu ya san ta, shekara ashirin yana ganinta a ƙofar gidansa. Ta dama kuwa tana sauka a shimfiɗe, ba ta lanƙwasa, bai taɓa ganin irinta ba. Ya bi ta a hankali har bayan gari. A tsakiyar gona sawun ya ƙare, Mani ya ɗaga kai. Abdulwahabu ne a tsaye kan ƙafar roba da aka sa masa a Yamai, yana saran shuka, Rahina tana biye da shi da iri.