Telan da Ya Koyi Saɓa Alkawari

Tun kafin motar ma'aikata ta farko ta tsaya a bakin titi, Baba Tela ya riga ya ɗaga ƙofar shagonsa da ke ƙasan benen 'yan haya. Ƙofar irin ta ƙarfe ce mai naɗewa, ƙararta ke tashin rabin mutanen gidan. Sai ya share gaban shago, ya fito da dogon benci ya jingina da bango, ya ɗiga wa keken ɗinki mai, ya rataya tef ɗin awo a wuya. Daga nan ba ka ƙara jin bakinsa sai amsa gaisuwa. In ka cika shi da tambaya, yana da maganinka: ya cika leɓɓansa da fil, ya duƙufa a kan yadi, ya bar ka da surutunka.

Ya tsufa a wannan shago, kuma abu guda aka san shi da shi. "Dawo gobe" ɗin nan da ake zagin teloli da ita, shi bai iya ta ba. In ya ce Talata, to Talata za ka tarar da kayanka a goge, a ninke. Har tsokanarsa ake yi wai ya ɓata wa 'yan sana'arsu suna.

Mutanen benen kuwa 'yan albashi ne: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, akawuna, ƙananan ma'aikatan banki. Irin mutanen nan da ba mai tausaya musu, don ana ganinsu da riga a goge da takalmi mai sheƙi. Da rayuwa ta fara tsada, albashi ya tsaya wuri guda, ba wanda ya yi kuka a fili. Amma Baba Tela ya gani tun kafin kowa, don aikin da ake kawo masa ne ya canza. Sabon yadi ya daina zuwa. Sai a juya kwalar riga da ta cinye, sai a saki kalmasar kayan makarantar yara, sai kuma wanda ya fi yawa: a rage ƙugun wando. Kowa zai lallaɓo ta gefe da kayansa a baƙar leda, kowa da hujjarsa. Wannan likita ne ya hana shi maiƙo, wancan motsa jiki ya fara. Baba ya zagaya tef, ya ja alli, ya ce Allah ya ƙara lafiya.

Ana cikin haka wani kamfani ya sayi benen, ya ɗora ƙarin haya irin wanda ko makaho ya san kora ce. So suke a watse su gyara ɗakunan, su zuba masu hali. Suka turo wakili, wani matashi mai laushin murya da kwat, kuma shi ma da tasa dabarar. Ba ya tara mutane. Ɗaya bayan ɗaya yake kiransu, ya ce wa kowa maƙwabtansa duk sun amince, shi kaɗai ya rage. Wa zai fito ya ce shi ne kaɗai ba zai iya ba? Mutane suka shiga kallon juna a matakala da wutsiyar ido, kowa na tambayar kansa ina wancan yake samu.

Wata rana malamin kimiyya na hawa na biyu yana tsaye ana auna shi, sai ya ce wa Baba shi kam tashi zai yi, tunda maƙwabtansa, nas da akawu, sun amince, ba shi da bakin magana. A yammacin ranar nas ɗin ta kawo kayan makarantar 'yarta, ta ce ita mamakin malam take, da albashin koyarwa har ya amince. Baba ya karɓi kayan ya ajiye. Amma ya san ƙugun malam, ya san kwalar akawu, ya san sau nawa aka saki kalmasar rigar yarinyar nan. Ya tabbata ba mai iya biya a cikinsu.

Matarsa ce ta ba da labarin abin da ya faru a gida. Ta ce masa ya kira su ya faɗa musu gaskiya, ai taimako ne. Ya ce abin da tef ya nuna masa ba nasa ba ne, amana ce, ba zai tsaya ya ce wa wani wane ma ya rame ba. Ta ce to sai ya zuba ido a kore su? Ya ce akwai abin da teloli suka iya wanda shi bai taɓa gwadawa ba.

Daga wannan makon duk wanda ya kawo aiki, amsa guda yake samu: Asabar bayan la'asar. Asabar ta zo, benci ya cika, aiki bai ƙare ba. Baba ya ce saura kaɗan, a ɗan zauna. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa, kowa ya ƙura wa wayarsa ido, ana hirar zafi da ƙwallo. Magariba ta yi, ya ba su haƙuri, ya ce Asabar mai zuwa. Haka aka sake yi, aka kuma sakewa. Akawu, wanda ko gaisuwa sai ya juya ta ya duba bayanta, shi ya fara cewa akwai wata a ƙasa: mutumin da bai taɓa saɓa alkawari ba, yau kwala guda ta gagare shi?

Nas ce ta fasa ƙwan, don ita ba ta iya ajiye magana a ciki ba. Ta juya ta dubi malamin kimiyya.

"Malam, don Allah da gaske ka amince da sabuwar hayar nan?"

Malam ya ɗago kai daga wayarsa. Ya ce, "Ni? Ai cewa aka yi ke kika fara amincewa."

Akawu ya ajiye wayarsa, ya ce shi kuma su biyun aka ambata masa. Sai bencin ya kaure. Wannan ya ce ya sayar da mota, wancan ya ce ya cire yara daga makarantar kuɗi, wata ta ce tun bara ba ta sayi ko ɗankwali ba. Har da masu dariya, irin dariyar da ke kusa da kuka. Baba na can ciki yana taka keke kamar ba a gabansa ake yi ba, kuma a ranar kowa ya tafi da kayansa a goge.

A kan wannan benci ƙungiyar 'yan haya ta tashi. Suka ɗora nas a gaba, suka yi alkawarin ba wanda zai ƙara ganin wakili shi kaɗai. Suka bi ƙofa ƙofa, suka shiga benayen maƙwabta da kamfanin ya saya, suka tarar labarin ɗaya ne. Ranar da suka je ofishin kamfanin, cikin kayan aikinsu suka tafi, nas da fararen kayanta, malamai da ƙurar alli a hannun riga, suka zauna a falon jira suka ce ba za su tashi ba sai an saurare su tare. Baba bai riƙe muƙami ba, bai taɓa yin jawabi ba. Bencinsa ya bayar, da ragowar ƙyallayen da ya harhaɗa ya ɗinka musu tuta.

Kai ne ka tara su, Baba, ba tare da ka tona asirin ko ɗaya ba. Sunan da ka shekara da shekaru kana ginawa, na mai cika alkawari, shi ka fara zubarwa saboda su. Ba ka san ba shi kaɗai za ka rasa ba.

Wata safiya aka ga wakilin kamfani ya shiga shagon, aka ga an ja labulen awo. Bayan 'yan kwanaki aka sake ganinsa, ya fito da baƙar leda. Ba a jima ba aka kawo wa nas da malam da wasu shugabanni takardar tashi. Nan akawu ya zauna ya jera tambayoyinsa, kuma wallahi ya iya jerawa. Wa ya tara mu tun farko? Wa ya san fuskar duk wanda ya zauna a benci? Me ya sa aka yi ta jan mu mako bayan mako, in ba don a gane masu baki a cikinmu ba? Me ya sa ba a ji an taɓa hayar shagonsa ba? Mutanen da tsoro ya riga ya cika musu ciki suka ce ai kuwa biri ya yi kama da mutum.

Nas ta sauko da kanta. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta zauna ba.

"Baba, me mutumin nan yake zuwa yi wurinka?"

"Aiki yake kawowa, 'yata."

"Wane irin aiki?"

"Irin wanda in an tambaye ni naki, ba zan faɗa ba."

Ta tafi ba ta gamsu ba, kuma ba a ga laifinta ba, 'ya'ya gare ta da takardar tashi a hannu. Aka mayar da taro barandarta. Benci ya koma ba kowa. Masu wucewa suka koma gaisuwar ɗaga hannu, wasu suka fara zagayawa ta ƙofar baya. Aka kwashe kaya aka kai wa wani tela can gaba da kasuwa. Matarsa ta yi faɗa har ta gaji, ta ce ya buɗe baki ya wanke kansa. Ya ce in ya faɗi dalilin tara su, ya tona musu asiri, in ya faɗi abin da ke kawo wakili, ya tona wa wani. A cewarta, abin ya ci masa rai ƙwarai, har ya rage cin abinci. Shi kansa ya fara zargin mutane: in yaro ya leƙo shago, sai ya ɗauka turo shi aka yi.

Ƙungiya ta yi nasara. Da benaye suka haɗa kai, 'yan jarida suka fara zuwa, kamfani ya sauko. Aka janye takardun tashi, aka yi yarjejeniya a kan ƙarin da ɗan albashi zai iya ɗauka. A wurin zaman malamin kimiyya ya ce shagon ƙasa fa, a sa shi a ciki. Akawu ya ce mai shago ai yana da tasa yarjejeniyar da su, kowa ya sani. Aka yi dariya, aka wuce. Wannan dariya ita ta ci shagon, don ɗakunan kwana kaɗai aka kare. Wata bai cika ba aka ba Baba wa'adi. Ya kira motar kaya, aka ɗora keke da teburin yanka da dutsen guga, mutane na leƙe ta taga. Ko a ranar akawu cewa ya yi wa ya sani, ƙila babban shago suka buɗe masa a unguwar masu kuɗi.

Gaskiya ta fito ta inda ba a zata ba. Kamfani ya sallami wakilin, tunda ya kasa. Shi ma ɗan haya ne a wani bene, sai ga shi a taro yana neman shiga ƙungiya. Aka taso masa, ya ce a bar shi ya faɗi abu guda. Ya ce zuwansa na farko, aiko shi aka yi da tayi: shago a tsohuwar haya har abada, in Baba ya faɗi masu zuga mutane. Baba bai ba shi ko harafi ba, da aka matsa ma sai ya ce a faɗa wa masu gidan shi ɗinki ya iya. Sunayen shugabanni kuwa a falon ofis aka gane su, ai su suka yi magana a gaban kowa.

"Sauran zuwan kuwa na kaina ne," in ji shi. "Wandunana na kai ya rage mini. Ya lura kwat ta fara yi mini yawa, ya ce in kawo. Na roƙe shi kada kowa ya ji."

Nas ta rufe fuska da mayafi.

Yanzu Baba na gidan babbar 'yarsa, keken na wani lungu kusa da kicin. Ido ya yi rauni, sai jika ta zura masa zare, kuma ya ce ƙarshen shekarar nan zai ajiye almakashi. Shagon na nan a kulle, kamfani bai samu mai iya biya ba. Da ƙungiya ta je ba shi haƙuri, akawu ne a gaba, ya durƙusa yana ta kame-kame. Suka ce ya faɗi abin da za su yi masa. Ya ce nasa ya wuce, ƙafarsa ma ba ta ƙara son taka keke.

"Amma mai gyaran takalmi da mai wanki na benen baya, wa'adinsu ya kusa. In kun koma zama, ku sa su a ciki."

Kai ne, Baba, dattijo mai riƙon amana. Kai ka ga yunwar da masu kwat ke ɓoyewa, ka rufa musu asiri, har da na wanda aka aiko ya kore ka. An ci moriyar bencinka aka zarge ka a kansa, ka haɗiye, ba ka rama da ko kalma guda ba. Haƙurin da aka ba ka bai dawo maka da shago ba, kuma wannan rubutu ma ba zai dawo da shi ba. Sannu da aiki, Baba. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara maka lafiya da hasken ido.

Ku kuma 'yan albashi da ke fama a ɓoye, ku yi koyi da shi. Ku nemi hanyar zama da maƙwabtanku ba tare da kun kunyata kowa ba, don yadda kuke ramewa haka su ma suke. In Allah ya ba ku nasara, kafin ku sa hannu a kan komai, ku sauko ƙasan bene ku duba wa kuka bari a waje.