Kitson Dassin Ba Ya Tsinkewa

Tun Arlit tana fili fetal, ba gida ko ɗaya balle ramin ma'adini, akwai wata maƙeriya a rijiyoyin Gugaram ana ce mata Dassin. Mijinta Attaher yana ƙera takubba da sirdin raƙumi, ita kuwa ɗinkin fata da kitso. A Abzin kan mutum, mace ko namiji, a hannun matan maƙera yake. Namijin da ko surukinsa bai taɓa ganin bakinsa ba, sai ya warware rawani a gaban maƙeriya ya miƙa mata kai, don a ganinsa ita ba ta kai wadda za a ji kunya ba. Wannan raini shi ya ci wani, kamar yadda za ku ji.

Dassin ba ta da sanyin baki. In mace ta zo mata da kai yana ƙyalli tana cewa ta sa mai, sai ta taɓe baki ta ce, "Kin shafa dai. Shafa daban, ciyarwa daban. Wannan kafin azahar rana ta lashe shi." A wurinta gashi bai ci mai ba sai an tsefe shi an wanke, an kawo man shanun da ya yi wata a tandu, an narkar da shi a rana, ba a wuta ba, an gauraya da garin gawayi, an bi gashin sili-sili daga tushe har baki. Sannan a ɗaure kan da tsumma kwana uku. A yi haka sau uku, mako-mako. Ranar ƙarshe sai ta ciro sili guda ta naɗe a yatsu biyu ta ja. In ya tsinke, aikin banza aka yi. In ya yanki yatsa, gashi ya ƙoshi.

Kan da ta fi ji da shi duk duniya na ƙanenta ne, Akoli. Ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, ita ta ciyar da gashinsa tun yana ɗan tukku har ya sauko masa gadon baya. A kitson da ke bayan kunnensa na hagu takan saƙa siririn zaren jar fata, kuma ba ta yi wa kowa haka sai shi.

A shekarun da Nasara ke yaƙi can ƙasarsu, nan kuma suna ƙwace raƙuman mutane, suna kwasar maza aikin dole, wata safiya sojojin raƙumi suka sauka a bakin rijiya. Babbansu ɗan ƙasa ne, Ghissa, mutumin da tun ranar da aka ba shi bindiga ya manta yana da uwa. Suka shiga mutane da dorina. Wani tsoho ya riƙe akalar raƙuminsa, suka karya masa hannu. Akoli yana da taguwa guda, ya ce ba zai bayar ba. Ghissa ya juya gindin bindiga ya sauke masa a baki, haƙora suka zube a yashi. Aka sa masa igiya a wuya tare da maza goma sha ɗaya. Dassin ta sheƙo da gudu ta kama ƙafar ƙanenta, sai ta ji dorinar Ghissa ta tsaga mata fuska daga goshi har haɓa. Kafin ta share jinin da ya rufe mata ido, an yi nisa da su.

Bayan wata biyar mutum tara suka dawo kamar itatuwa. Babu Akoli. Daga bariki aka aiko cewa gudu ya yi. Waɗanda suka dawo kuwa, in ta tambaye su sai su sunkuyar da kai, tsoro ya ɗinke musu baki. To, wannan ita ce azabar. Ba gawa, ba kabari, ba sadakar uku. Ba ta da ikon yin kuka, kada ta yi wa rayayye, ba ta kuma da ikon daina kallon hanya. Abu ɗaya take roƙon Allah: ta sani, kuma in ya mutu ta sami abin da za ta binne.

Da shekara ta zagayo, Ghissa ya dawo ƙirgar dabbobi, ya kafa zango kusa da maƙerar Attaher. Ya aika a kira masa mai kitso. Bai gane ta ba, ko da tabon da ya zana mata da hannunsa. Wa ke duban fuskar maƙeriya? Ya warware rawani, ga kai kamar busasshiyar ciyawa, duk ƙwarƙwata. Tana durƙusawa idonta ya kai kan sirdinsa. An rataye wani kitso guda a jiki, baƙi wuluk, shekara guda a rana amma ko karyewa bai yi ba. Ga zaren jar fata a ciki.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "wannan na wane ne?"

Ghissa ya yi dariya. "Na wani mai taurin kai. Ya faɗi a hanya ya ƙi tashi, na ɗaure shi da gashinsa a sirdi, raƙumi ya ja shi har ya daina motsi. Kin san gashin nan bai tsinke ba? Sai da na sa wuƙa. An ce aikin matan nan wurin ne. Irinsa nake so, maƙeriya."

"Ina kuka bar shi?"

"Tambayi ungulu."

Ta ce, "Za ka sami irinsa."

Attaher ya roƙe ta su naɗe kayansu su bar ƙasar. Ta ce ita ba ta taɓa barin aiki a rabi ba. Ta ɗauko tandun da ta ajiye wa Akoli, wanda ta hana kowa taɓawa. Wallahi duk tsawon ranta ba ta taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba. Ta kashe ƙwarƙwatar ɗaya bayan ɗaya, ta bi kan mutumin da ya kashe ƙanenta sili-sili da yatsunta, zuciyarta tana tafasa, hannunta yana laushi. Ta ɗaure, ya kwana uku. Mako ya zagayo ta sake. Ghissa har yabonta yake yi a gaban yaransa.

A zama na uku, da hantsi, ta ciro sili guda ta naɗe ta ja. Ya yanke ta har jini ya fito. Ta ce, "Ya ƙoshi."

Yaransa sun tafi rijiya. Amalensa, ƙaton raƙumin hawansa, yana gurfane a inuwa kusa da su, da sirdi a kai. Ta shiga yi masa kitso bakwai tana saƙa igiyar fata a cikin kowane, kamar yadda ake yi don kitso ya yi kauri, shi kuwa daɗin hannu ya sa shi gyangyaɗi. Ta tattara bakin igiyoyin ta murɗe su wuri guda, ta ƙulle a jikin sirdi. Ta kwance kitson Akoli ta sa a ƙirjinta. Sannan ta taka zuwa maƙera, ta zaro ƙarfe ja zur daga wuta, ta danna wa amalen a cinya.

Raƙumin ya yi wata irin ƙara ya zabura. Ghissa bai sami ko damar miƙewa ba, kansa ya fara tafiya, jikinsa ya bi. Ƙasar wurin ba yashi ba ce, tsakuwa ce da baƙaƙen duwatsu masu kaifi. An ji ihunsa har rijiya, yana kai hannu yana yaƙushin kansa, yana neman gashin ya tsinke. Da shafa aka yi masa, da ya tsira da ɗan sanƙo. Sai bayan la'asar aka kamo amalen. Abin da yake ja ba ya da fuska, amma kitso bakwai ɗin nan suna nan cif.

An kai ta Agadas, an yi mata bulala har fatar bayanta ta tashi, an aske mata kai da fasasshiyar kwalba, ta yi shekara shida a kaso. Ta rayu har ta ga an gina Arlit, amma ba ta ƙara taɓa kan kowa ba.

Sai dai a ranar, lokacin da sojojin suka bazu bin raƙumi, tana da wuni guda cur da za ta iya gudu, Attaher ma har ya ɗaura wa jaki kaya. Ba ta gudu ba. Ta ce ya ɗauko magirbi ya haƙa mata rami a gindin ƙaya. Ta zauna ta wanke kitson, ta kankare ɗan man da ya rage a tandu ta bi shi da shi daga tushe har baki, ta naɗe a farin ƙyalle ta kwantar, ta fuskantar da shi gabas. Da suka dawo kama ta, a nan suka same ta, hannu duk mai, tana kukan da ta riƙe shekara guda.