Shugaba Yana Cikin Ganawa

A ɗakin wankin ƙoda, inda nake raka gwaggona, akwai wani dattijo da ke zuwa cikin babbar riga mai sitaci, kamar wanda zai buɗe taro. A inda na yi karatu, majinyaci da 'yar shara yake zuwa. Wannan kuwa ko hula ba ya cirewa. Hannu ɗaya na jone da inji, jininsa na zagayawa cikin roba, ɗayan na riƙe da waya.

"Ina cikin ganawa," yake cewa ƙasa-ƙasa. "Kada a yanke komai sai na dawo."

Ina jin shugaban wata ƙungiya ne, kuma mataimakinsa ya daɗe yana auna kujerar da ido.

Ma'aikaciyar jinya na duban ƙafafunsa da suka kumbura. "Baba, sau uku a mako likita ya ce. Kai kuma sai ran da ka ga dama."

"'Yata, wace ganawa ake yi sau uku a mako? Ai sai su gane."

"Ruwan ma an ce ka rage."

"A miƙo wa shugaba lemo a bainar jama'a ya ƙi sha? Kafin la'asar an fara rabon gadona."

Lokaci bai cika ba ya sa aka cire shi. Ya miƙe yana haki, ya ja hannun riga ya rufe filasta. Ƙafa ta ƙi shiga takalmi. Ya yi ta fama, sannan ya dubi direbansa.

"Gobe ka mayar wa mai shagon nan kayansa. Takalman zamani duk tsukewa suke yi."